Shok ɗin bonet a Corolla ta: abin da zafi da hunturun Katsina suka nuna mini

Duk mai Corolla ya san sandar ƙarfen nan da ake tokare bonet da ita. Ka ɗaga da hannu ɗaya, ka lalubo sandar da ɗaya hannun, ka nemi ramin da take shiga. Tawa ƙirar 2010 ce, 'yar Kwatano, kuma haka ta zo. Bara, kafin zafi ya kankama, na sa mata shok guda biyu na iskar gas, irin waɗanda ke ɗaga but ɗin Golf ko Sienna, don su riƙa ɗaga bonet su riƙe shi da kansu. Sun ga zafin Afrilu, sun ga damina, sun sha ƙurar hunturu. Kwalliya dai ta biya kuɗin sabulu, amma ba kowane shok ne ya dace ba, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ne ma ya fi ɓarna. Saboda wannan maganar ta ƙarfi na zauna yin rubutun nan, domin ita ce ba a gaya wa mai saye.

Dalilina ba na ado ba ne. Mahaifiyata tana Daura, kusan kowane ƙarshen mako ina kan hanyar nan ta Mashi, kuma ba na tayar da mota ban duba ruwa da baƙin mai ba. Bayan tafiyar kilomita 80 a watan Afrilu, sandar nan ba ta taɓuwa sai da tsumma. Ga iskar farkon damina, wadda idan ta taso takan ɗaga bonet ya zame daga kan sandar. Abin da ya fi damuna shi ne uwargida. Ita ma tana tuƙa motar, kuma nauyin bonet da zafin sandar sun sa ta daina dubawa gaba ɗaya. Motar da ba a buɗe bonet ɗinta, ranar da lagireto ya fara yoyo sai dai a ji a hanya.

Da farko wurin masu sayar da kayan mota na cikin gari na nufa, tare da bakanikena. Wani ya zubo mana shok ɗin but na Baljiyam, ya zaɓo biyu masu kauri, ya dafa ɗaya a ƙasa da duk nauyinsa, ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, ka ga lafiyayye. Wannan ko ƙofar gareji sai ya ɗaga." Bakaniken ya karɓa, ya goge jikinsa da babban yatsa, ya nuna mini rubutun da ke kai: 550N. Ya ce, "Yallaɓai, kada ka saya. Wannan hinji zai cinye maka." A gareji ya nuna mini wata mota da aka sa wa irinsa. Kusurwar bonet ta wajen gilashi ta tashi sama da fenda har yatsa yana shiga, fentin wajen notin ya tsage, bonet ɗin kuma sai an buga shi da ƙarfi yake kamawa.

Lambar nan mai harafin N ita ce ƙarfin turin shok ɗin, kuma kowane 10N kusan nauyin kilo 1 ne. Ke nan 550N guda biyu suna turi da abin da ya haura kilo 100. An yi su ne don ƙofar baya mai ɗauke da gilashi da waifa. Bonet ɗin ƙaramar mota falle ne na ƙarfe da ɗan ƙarfafawa daga ciki. Kuma shok ba a ƙarshen bonet yake kamawa ba, kusa da hinji yake. Kamar ka tura ƙyauren ɗaki daga wajen hinjinsa ne, sai ka sa ƙarfi sosai kafin ya motsa, kuma duk ƙarfin a kan hinjin yake sauka. Wani abin da mutane ba sa lura da shi: lokacin da bonet yake rufe, shok ɗin a matse yake, a lokacin ne ma turinsa ya fi yawa. Dare da rana yana nan yana tura hinji da notin fenda, kana barci yana turi, kana faɗawa ramukan hanya yana turi. Idan ƙarfin ya wuce kima, a hankali ƙarfe zai ba da kai.

Don haka na haƙura da Baljiyam, na sa wani mai shago a Ƙofar Ruwa ta Kano ya nemo mini saitin da aka yi wa irin motata, ya ba direba a tasha ya kawo. Ɗan China ne, sunan da ke kan kwalin ban taɓa jin sa ba. A ciki akwai shok biyu masu 250N, ƙarafan maɗauri huɗu, notina masu kan ƙwallo inda bakin shok yake kamawa, da takarda mai hotuna zalla. Kuɗin kaya da na aiki kusan abin da nake kashewa ne a sabis ɗaya na baƙin mai da filta.

Ɗaurawar ba ta da wuya, amma tana son natsuwa. A inuwar bedi muka yi ta, bayan inji ya huce. Abin da bakaniken ya fara yi shi ne zagaye hinjin da maka, ya zana iyakarsa a jikin bonet, domin idan hinji ya goce ko kaɗan, bonet ba zai koma daidai da fenda ba. Yaronsa ya riƙe bonet, shi kuma ya kwance noti ɗaya kacal na hinji da sifana lamba 12, ya sa maɗaurin sama, ya mayar ya ɗaure kafin ya taɓa wani. Maɗaurin ƙasa a notin fenda yake zama, mai lamba 10. Wannan notin siriri ne, na ga yadda ya ɗaure shi da yatsu biyu a kan sifana, ya ce idan aka cika masa ƙarfi tsinkewa yake yi a ciki, sai an kai ga huda. Ba a huda komai ba, ba a yi walda ba, kuma da saitin ya buƙaci huda bonet da na mayar da shi.

Yaron ya ɗauko shok ɗin zai sa, siririyar sandarsa mai sheƙi tana sama. Maigidan ya ce, "Kai, juya shi." Kaurin ne ke kama bonet, siririyar sandar ta kalli ƙasa. Dalili shi ne akwai ɗan mai a cikin silindar, shi ke jiƙa robar da ke tare iska, shi ne kuma ke sa bonet ya tsaya a hankali idan ya kai ƙarshe maimakon ya fizge. Idan aka kifa shi, man ya bar robar, ta bushe, iska ta fara sulalewa. Ya ɗan ɗaga zoben bakin da ƙaramar sukundireba, ya dafa shi kan ƙwallon, muka ji ƙas.

Rufewar farko ita ta fi burge ni. Ya mulmula laka kamar girman goro, ya ɗora a bayan kowane shok, ya sauke bonet a hankali yana kasa kunne, ya sake buɗewa ya duba lakar. Ta dama ba abin da ya taɓa ta. Ta hagu, ɓangaren batir da akwatin fis, ta ɗan baje, alamar wurin ya matse. Ya sassauta maɗaurin ƙasa, ya karkatar da shi kaɗan, ya sake gwadawa har lakar ta fito yadda ya sa ta. Siririn tiyon ruwan wanke gilashi da ke bi ta wajen hinji kuma ya ɗaure shi gefe don kada shok ya cije shi.

Amfaninsa kullum nake gani. Ka ja sakata, ka ɗaga bonet kamar taƙi biyu, sauran shi zai ƙarasa da kansa, ba gaggawa, ya tsaya cak. Yana buɗewa sama fiye da inda sandar take kai shi, ba ka sunkuyawa sosai, kuma ba abin da ya tsaya maka a gaba idan kana zuba mai ko kana cire batir. Hannu ɗaya ya isa, ko da kana riƙe da galan ko fitilar waya da dare. Iska ta same ni a hanya bonet a buɗe, ya girgiza amma bai sauko ba. Uwargida ta koma duba ruwa da geji da safe ba tare da an tuna mata ba, kuma ko wannan kaɗai ya ishe ni.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Duk da 250N ne, bayan 'yan makonni kusurwar dama ta bonet ta ɗan tashi sama da fenda. Ba kowa zai lura ba, amma ni ina gani. Mun koma an sassauta hinji an danna an sake ɗaurewa, ya ragu sosai, sai dai bai koma tsaf kamar da ba. Ƙarafan maɗaurin ma ba su kai kaurin da nake so ba, fentinsu kuma na ganin ido ne. Damina ɗaya ya fara ɓarewa, tsatsa ta fito a gefen noti, sai da aka kankare aka sake fesawa. Wanda ya ƙera kayan ya kyautata shok ɗin, ya yi rowa a ƙarfen da ke riƙe shi, alhali shi ne ke ɗaukar duk wahalar.

Rufewa ma sai an sake koyo. Da can sakin bonet kake yi daga sama kaɗan ya faɗa ya kama. Yanzu sai ka jawo shi ƙasa da hannu har ya wuce inda shok yake turewa, sannan ka sake shi da ɗan ƙarfi. Matsalar masu wankin mota ce da yaran gareji. Idan bai kama ba sai su dafa tsakiyar bonet da tafin hannu biyu su danna, nan da nan ya lotsa. Wasu kuma suna ƙoƙarin tura shi sama ya wuce iyakarsa suna neman sanda. Yanzu duk wanda zai taɓa motar sai na ce masa, "Malam, shok gare shi, ka ja shi daga bakin gaba, kada ka danna tsakiya."

Sai yanayinmu. Iskar naitirojin ce a ciki, kuma ƙarfinta yana bin zafi da sanyi: duk digiri 10 turin yana ƙaruwa ko raguwa da kusan kashi 3 da rabi cikin 100. Lambar da ke jiki an auna ta ne a digiri 20. A nan Katsina zafin Afrilu da Mayu yana wuce 40, ga zafin inji a kai, safiyar Janairu kuma takan sauko ƙasa da 15. Bambancin a hannu ake jin sa. Da rana tsaka bayan doguwar tafiya, bonet da kuzari yake tashi, rufewa sai ka ja sosai. Da asubar hunturu kuwa sai ka raka shi har kusan sama kafin ya karɓa. Bai taɓa saukowa da kansa ba, amma na fahimci cewa ranar da ya fara gajiya, da sanyin safiya zai fara nunawa. Wannan ma wani dalili ne na guje wa mai ƙarfi da yawa, domin wanda ya yi tauri a inuwar shago, a zafin Mayu ya fi haka.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa. Tana kwanciya a kan sandar mai sheƙi, idan aka rufe bonet sai ta shige da ita cikin robar tana gogewa. Kada ka bari wani ya shafa masa giris ko baƙin mai da sunan taimako, ƙura kawai zai tara. Busasshen tsumma mai laushi ya isa, ina gogewa duk lokacin da na buɗe. Kada a kama sandar da filaya, kada fenti ya taɓa ta. Ƙarzane ɗaya ya isa ya kashe shi. Idan ka ga mai ya jiƙa bakin silindar, ya kusa tafiya, kuma biyun ake canzawa tare.

Sandar asali tana nan ban cire ba, kuma ina roƙon duk wanda zai yi wannan aiki ya bar tasa. Duba mai na minti biyu shok ya wadatar. Amma idan bakanike zai sa kansa da kafaɗunsa cikin inji na awa guda, ina sa shi ya ɗaga sandar ta tsaya a ƙarƙashi, ko da ba ta kai ramin ba. Shok ba ya sallama kafin ya saki, kuma yaran gareji 'ya'yan mutane ne.

Ba kowace mota zan ba shawarar a sa wa ba. Wadda ta taɓa yin hatsari ta gaba har aka buga hinji ko aka cika fenda da fila, a bar ta da sandarta. Mai bonet na alminiyam ma a yi hattara, ya fi saurin lanƙwasa. Wanda kuma motarsa ta zo da shok tun daga kamfani ya mutu, aikinsa mai sauƙi ne: ya karanta lambar N da ke jikin tsohon, ya auna tsawonsa a buɗe daga ƙwallo zuwa ƙwallo, ya nemi daidai shi. Idan ya dace da na Stabilus, kamfanin Jamus da ke yi wa masu ƙera motoci da yawa, ya fi. Ni ma idan waɗannan suka gaji, maɗauran zan sa a yanko mini masu kauri, in nemi shok mai suna da wannan tsawo da wannan lamba.

Idan aka cire tsoho, a kula da inda zai ƙare. Iskar taya, lamba 32 mai faci yake sa mana a ma'auninsa, amma matsin da ke cikin ɗan shok mai 250N yana iya kai 700 a wannan ma'auni, kuma ko ya daina riƙe bonet da sauran iska a ciki. Yara suna tsintar irinsu su kai wa 'yan gwangwan, wani ya sare shi da guduma, wani ya jefa cikin wutar ƙona waya, kuma a wuta fashewa yake yi. A bar shi a hannun bakaniken da ya san abin da ke ciki, kada a jefa shi bola.