Tanderun haya a Idu da garin silikon kabayid ɗina

Wata huɗu na yi ina neman inda zan gasa samfurina, sai wani abokin karatu ya yi mini kwatancen wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a wajen Idu, Abuja, da ke ba da hayar tanderun bututu. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin sinadarai a Jos, aikina kuwa haɗa silikon kabayid, wani sinadari mai tsananin tauri na silikon da kabon, ta hanyar sol-jel, wato a cuɗa kayan haɗin suna ruwa a bar su su kafe. Sau biyu na kai musu kaya.

Rabin farko na aikin a Jos nake yi, a kan tebur. In zuba TEOS, ruwan sinadarin da ke ba da silika (babban sinadarin yashi), a cikin itanol, in ƙara ruwa da 'yan ɗigon asid, sannan in narka sukari a ciki domin shi ne zai ba da kabon. A bar shi ya kafe kamar agidi. Da hunturu, sanyin Jos kan sa ya daɗe bai kafe ba, har na riƙa leƙa shi safe da yamma kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. In ya bushe sai ya tsattsage kamar ɓarɓashin kwalba. Amfanin duk wannan wahala shi ne silika da kabon sun cuɗu sosai tun suna ruwa, don haka zafin digiri 1500 ya isa wajen gashi. Hanyar da Edward Acheson ya gano a Amurka a 1891, ta yashi da gawayi, sai zafi ya haura 2000.

Amma daga nan sai tanderun da zai kai 1500 ba tare da iskar oksijin ta shiga ba. Abin da ya kai ni Abuja ke nan, ta Akwanga da Keffi, da ƙananan kwalabe shida a naɗe cikin rawani a kan cinyata.

Tanderun nasu mai bututun alumina ne, ga tukunyar iskar argon, wadda ake turawa cikin bututun don ta kore oksijin, a ɗaure jikin bango. Dattijon da ke kula da shi ba ya gaggawa. Digiri 5 yake ƙarawa a minti ɗaya don kada bututun ya tsage, wato awa biyar kafin a kai inda ake so. Ya kuma janyo tiyo har waje ta taga, saboda a yayin gashin kabon na ƙwace oksijin daga silika ya fita a matsayin kabon monoksayid, iskar da ke kisa ba tare da an ji warinta ba. Wannan ya kwantar mini da hankali tun ranar farko.

Gashin farko bai yi ba. Da muka zaro ɗan kwale-kwalen alumina da aka zuba garin a ciki washegari, garin da ya shiga baƙi ƙirin ya fito fari fat kamar gishiri. Gabana ya faɗi, domin na san ma'anarsa: iska ta shiga, kabon ya ƙone, silika kawai ta rage. Aikin mako uku ke nan. Ina shirin jin an ce laifin haɗina ne, sai dattijon ya kwance murfin ƙarshen bututun, ya ciro zoben roba ya ɗaga shi wajen haske. Ga tsaga nan siririya kamar gashi.

Ya ce, "Ɗana, wannan daga wajenmu ne. Kana da saura?"

Na ce, "Kwalba biyu, Baba."

"To kawo su. Ba za ka biya na biyu ba."

Ya sa sabon zobe, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana duba ko kumfa zai taso, ya bar argon na gudu na tsawon lokaci kafin ya kunna wuta. A wannan karon garin ya fito baƙi-baƙi. Bayan an ƙone ragowar kabon a digiri 700 cikin iskar sarari, ya koma ruwan toka mai ɗan kore. Gwajin XRD, wanda ke gano nau'in sinadari da hasken X-ray, ya nuna babban tsini a wajen 35.6 a kan zanen sakamakon, wanda shi ne shaidar silikon kabayid nau'in beta. Na murza ɗan kaɗan a kan gilashi, ya bar ƙarce.

Ina da ƙorafi biyu. Tanderun ɗaya ne, layi kuma dogo, na kwana uku a ɗakin wani ɗan'uwana a Kubwa ina jiran waya. Sannan ba sa ba da rubutaccen bayanin yadda zafin ya hau ya sauka sai ka nema, alhali mai bincike ba zai iya kare aikinsa ba sai da shi. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, ko da yake argon da man janareta na yini guda ne ke cinye yawancinsa.

Duk da haka zan koma, kuma ina ba duk mai irin wannan aiki shawarar ya je, ya raba samfurinsa biyu ya ajiye rabi, ya kuma tsaya a yi gwajin sabulu a gabansa. Na riga na tambayi Baba ko za su iya sauya argon da naitirojin, don ina son gwada silikon naitirayid bayan sallah. Ya ce in kira shi mako biyu kafin in taso, ya sa a kawo tukunyar.