Soja ko jandarma? Amsa ga Hajiyarmu ta Tawa

Hajiya, kin ce yaronki ya samu birbe, wato takardar gama kwaleji, ransa na kan kaki, kina tambayar wanne zai fi jin daɗinsa, soja ko jandarma. Na sa kakin soja har na ajiye, ƙanena kuma jandarma ne, to ga abin da na gani.

Duka biyun ƙarƙashin ma'aikatar tsaro suke, amma rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Kurtun soja ana gasa shi a Tondibiya, bakin Yamai, daga nan sai inda aka tura shi. Yau Tawa, gobe Tiliya ko Diffa, wata da watanni bai ga iyalinsa ba. Wannan nisan ne ke cin mutane, fiye da yunwa da rana. Na ga jarumi yana hawaye don an yi sunan ɗansa yana daji. Amma zumuncin da ke tsakanin waɗanda suka kwana rami ɗaya, wallahi ban same shi ko'ina ba, kuma shi ke riƙe da yawancinmu a aikin.

Jandarma ta konkur ake shiga, wato jarrabawar gasa, a yi horo a Koira Tegi cikin Yamai. In aka kai shi birgad, wato ofishin jandarma na gari, a ce Madawa ko Konni, yana cikin jama'a: hatsarin mota, satar shanu, rigimar manoma da makiyaya. Biro da takarda ba sa barin hannunsa, ga karatun doka. Sau da yawa iyalinsa na kusa. Nauyinsa daban ne: ƴan uwa da manyan gari kullum suna ƙofarsa da roƙo, mai raunin zuciya nan yake lalacewa.

Kada a ce miki jandarma ba ya zuwa fagen daga, yana zuwa. Amma a harin da aka kai barikin Inates, Disambar 2019, sojoji 71 muka rasa, a na Shinagodar kuma 89 cikin Janairun 2020. Ya kamata yaro ya san wannan kafin ya sa hannu.

Tunda yana da birbe, ni jandarma zan ce ya gwada, in mai haƙuri da mutane ne kuma yana son rubutu. In kuwa sojan ne ke ransa, ki lallashe shi ya ƙarasa bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya nemi makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya shigar da shi, ki rufe masa ƙofa.