Horon ɗabi'a ga yaro mai galahanga: cibiyar birni ko horar da uwa a gida?

Iyalin da ke Gwarzo, Ringim ko Gumel, da zarar likita ya ce ɗansu na da galahanga, wato abin da ake kira autism a Turance, hidima iri biyu za a tallata musu. Ko dai a riƙa kai yaron wata cibiya a birni ana yi masa horon ɗabi'a, wanda masana ke kira ABA, ko kuma a koya wa uwa dabarun ta riƙa yi a gida, ƙwararre yana bibiya. Kafin a biya ko sisi, a fara auna jin yaron, domin kurma ma ba ya waiwayowa in an kira sunansa. Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wuri ne da za a iya farawa. In kuma yana farfaɗiya, wannan aikin likita ne, horo ba ya tsayar da ita.

Tsarin cibiya yana da amfani, amma a san asalinsa. A binciken masanin halayyar ɗan Adam Ivar Lovaas na 1987, wanda ya sa ABA ya yi suna, kusan awa 40 a mako aka riƙa yi wa yaran. Mai shigowa daga ƙauye sau ɗaya a mako, a yi awa guda a koma tasha, ba wannan yake saya ba. Ga wata matsalar da ba a cika faɗa wa iyaye ba: yaro ya koyi miƙa hoton kofi don neman ruwa a kan teburin cibiya, ya dawo gida ya tarar ruwa na cikin randa, da moɗa ake sha. Abin da ya koya can sau da yawa ba ya biyo shi gida.

Shi ya sa ga mutumin karkara tsari na biyu ya fi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu reno na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama 9 a rukuni da ziyarar gida 3. A tambayi mai horon ko irin wannan yake bi.

Mai horo na ƙwarai zai zaɓi buri biyu ko uku kawai, misali neman ruwa, zuwa banɗaki da buta, da amsa kira. A yi minti 10, sau uku ko huɗu a yini, lokacin kunun safe ko wanka. Uwa ta riƙe moɗa, ta kama hannun yaron ta nuna da shi, ta ba shi ruwan nan take. Tukuicin, ko ɗan gutsuren ƙuli-ƙuli ko cakulkuli, ya zo cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ya makara, yaron ba zai gane ladan me aka ba shi ba. Bayan kwanaki a koma taɓa gwiwar hannu kawai, sannan a saki. Wanda bai janye taimakon ba, zai ga yaro yana jira a kama hannunsa kullum.

Sai littafi mai layi uku: me ya faru kafin ihun, me yaron ya yi, me aka yi masa bayan nan. Nan ake gano cewa birgimar da yake yi bayan la'asar, alewa yake nema. In aka daina bayarwa, rikicin kan ƙaru na ɗan lokaci kafin ya lafa, kuma nan gidan yawa ke ɓata aiki. Uwa ta daure, kaka ta ce "haba, ku bar mini miji ya huta", ta miƙa alewar. Yaron ya koyi cewa ihu mai ƙarfi ne ke biya. Don haka kaka da yayye su zauna a horon tun farko.

A guji wanda ya yi alƙawarin warkewa, ko ya hana uwa shiga ɗakin horo, ko yake duka da ɗaure yaro. Haka wanda ya dage sai ya hana yaro kaɗa hannun da ya saba yi ko ya tilasta haɗa ido. Manya masu galahanga da dama sun soki wannan, ga shi kaɗa hannun ba ya cutar da kowa. Bayan wata uku a buɗe littafin tare da mai horon, a ƙirga sau nawa yaron ya nemi ruwa da kansa a makon farko, sau nawa a na ƙarshe.