Markaz ɗin kudurat na wajen Rusaifa: darasinsu ya yi, amma shawararsu kan masarat a yi hattara

Assalamu alaikum iyayen yara na Makka da Jidda. Tunda lokacin zaɓin masar, wato ɓangaren karatun da yaro zai bi a sanawi (sakandare), ya matso kullum sai wata ta tare ni a WhatsApp akan markaz ɗin nan, wato cibiyar ƙarin darasi ta wajen unguwar Rusaifa a Makka, da yarinyata take zuwa, wai ya yake, ya ci kuɗinsa ko kuwa a'a. Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya shiyasa nace bari in rubuta gaba ɗaya kowa ta karanta. Ba zan kama sunan wajen ba, waɗanda suka sani sun sani, kuma irinsu sun yi yawa yanzu, duk abu ɗaya suke sayarwa.

Abu uku suke yi. Akwai daura, wato kwas, ta kudurat da tahsili, jarabawa biyu da hukumar Ƙiyas take yi wa masu neman shiga jami'a, akwai shirya yara wa gwajin Mauhiba na gano yara masu baiwa, sai kuma wani abu da suke kira zaman shawara, inda za a zaunar da ke da yaronki a gaya muku masar ɗin da ya dace dashi. Na farkon ni dai na yaba. Na ukun nan kuwa shi ne yasa nake wannan dogon rubutun.

Bari in fara da mai daɗin. Malamar da take koyar da ɓangaren lissafi na kudurat, wanda yara suke ce ma kammi, wlh ta iya aikinta. 'Yar Sudan ce, bata da hayaniya, kuma bata yarda da haddar tajmi'at ɗin nan, wato tarin tsofaffin tambayoyin jarabawar, da ake ta yawo dasu a Telegram ba, tace in kin haddace amsa aka canja lamba ɗaya a tambayar shikenan kin faɗi. Abin da take koya musu shi ne yadda za su yi lissafi da kai da sauri tunda ba a shiga jarabawar da kalkuleta, da yadda za a watsar da amsoshin da ba sa yiwuwa tun kafin a fara warware tambayar. Yarinyata da ta tsani kasur kaman me yanzu ita take gyara min lissafi in mun je siyayya. Duk ƙarshen sati ana musu gwaji a kwamfuta da agogo yana tafiya irin na ainihin jarabawar, kuma suna turo wa uwa sakamakon, ba sai kin bi su kina roƙo ba.

Ɓangaren lafzi, wato na harshen Larabci, kuma matsakaici ne, kuma anan ne yaranmu suka fi shan wuya ba a lissafi ba. Yaron da a gida Hausa ake masa, a titi Larabcin Hijaz yake yi, sai ya shiga jarabawa a kawo masa tanazur lafzi, wato gano alaƙar kalma da kalma, da kalmomin fusha waɗanda bai taɓa ji a bakin kowa ba, ko a bashi dogon nassi ace ya nemo kalmar da bata dace da wajen ba. Markaz ɗin suna koyar da wannan ɓangaren kaman kowa da kalmomin ya taso, basa tsayawa. Na yi wa mudirar magana nace yaran Hausawa da na Barmawa sun fi rabin ajin, me zai hana a ware musu ko awa ɗaya ta kalmomi zalla, tace in sha Allah. Har yau muna jiran in sha Allah ɗin. Na lura yaran da suka fito daga makarantun tahfiz sun fi samun sauƙinsa, kunnensu ya saba da Larabcin littafi.

Toh yanzu maganar shawara. Ga wadda yaranta basu kai sanawi ba tukunna: tun shekarar 1443, wato 2021, aka canja tsarin sanawiyya zuwa masarat. Shekarar farko kowa tare yake karatu, daga ta biyu sai a rabu gida biyar, akwai masar na gama-gari, akwai na lafiya da rayuwa, na kwamfuta da injiniyanci, na gudanar da kasuwanci, sai na shari'a. Huɗun nan na musamman ba haka kawai ake shiga ba, ana duba makin yaro na shekarar farko da abin da ya zaɓa da kuma yawan kujerun da ake dasu, kuma ba kowace makaranta ce take da duka ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da mai bada shawarar ya tsallake kaman bai san dashi ba.

Mun shiga, ya ba yarinyar wata takarda ta cike, tambayoyi irin su kina son taimakon mutane, kina son dabbobi, kina son aiki da hannu. Wa zai ce baya son taimakon mutane dan Allah? Ya duba ya ɗago yace, “Hajiya mabruk, 'yarki likita ce, masar na lafiya kai tsaye.” Nace, “Ustaz, makarantarsu babu wannan masar ɗin fa, sai an mata naƙali, an mayar da ita wata, kuma wancan ɗin nisa ne daga gidanmu.” Sai cewa yayi, “Hajiya ilimi ai sai da sadaukarwa.” Daga baya da muka haɗa baki da sauran mata sai muka gano kusan kowa lafiya aka ce wa 'yarta, maza kuma kwamfuta da injiniyanci. Ban ji wadda aka ce wa ɗanta ya zauna a na gama-gari ba, ko ɗaya. Inaga sun gane abin da kunnen uwa yake son ji ne.

Sadaukarwar da yake faɗa da baki ni na san kuɗinta. 'Ya mace in makaranta tayi nisa dole sawwaƙ, wato direba, na wata-wata, kuma duk wadda take zaune a Makka ta san yadda hanya take komawa daga Ramadan har bayan Hajji, tafiyar da ake yi cikin minti kaɗan sai ta cinye miki safiya. Mutanen Jidda ma nasu ya fi, tunda aka rushe unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara a 2021 da 2022 mutanenmu da yawa sun watsu zuwa unguwannin bayan gari, wasu har yanzu basu gama daidaita makarantar yaransu ba balle ace a sake ɗauke yaro a kai shi wani ɓangaren saboda sunan masar. Ga kuɗin murafiƙin, wato iyalan da ke ƙarƙashin mutum, riyal 400 duk wata akan kowane mutum ɗaya ga masu iƙama, takardar izinin zama ta baƙi. Mai bada shawara da bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, me ya shawarta?

Babban abin da ya fi ɓata min rai shi ne bai tambaya ko yarinyar 'yar ƙasa ce ko mai iƙama ba. Mu Hausawan nan kala biyu ne kuma kowa ya sani, akwai waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan suna da jinsiyya, akwai mu da muke sabunta iƙama. A aji ɗaya yaran suke zama, malami ɗaya, littafi ɗaya, amma ƙofar da take jiransu bayan sanawi ba ɗaya bace. Ɗan ƙasa zai shiga layin jami'ar gwamnati da makinsa. Mai iƙama sai dai ya nemi minha, wato gurbin tallafin karatu, ta cikin gida, wadda kujerunta kaɗan ne kuma samun likitanci ta nan abu ne mai wuyar gaske, ko iyaye su biya jami'a mai zaman kanta, ko a tura shi ƙasar Masar ko gida Najeriya ko Nijar. Da can Sudan ce mafitar mutane da yawa, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 wannan hanyar ta rufe wa yawancinmu. Sannan ko ya gama, ayyuka irin su harhaɗa magunguna da likitan haƙori da injiniyanci duk suna cikin waɗanda ake ware wa 'yan ƙasa kaso. Ban ce kar mai iƙama ya yi masar na lafiya ba, a'a, in yaro yana da kai kuma kuna da shirin inda zai ci gaba, bismillah. Amma wannan hira ce da ya kamata ayi ta a teburin shawarar, ba ace mabruk a miƙo rasit ba.

Wani abu da mutane basa lura: jami'a ba makin sanawi kaɗai take kallo ba. Ana haɗa shi da kudurat da tahsili a fitar da nisba mauzuna, wato haɗaɗɗen makin shiga jami'a, kuma a wasu jami'o'in ɓangaren kimiyya kashi 30 ne na sanawi, 30 kudurat, 40 tahsili. Kin ga kenan kashi 70 yana hannun jarabawar Ƙiyas, ba a hannun makarantar ba. Yaron da ya zauna a masar na gama-gari kusa da gida, yana dawowa da wuri ya huta ya zauna ma fiziya da kimiya (kemistiri) da ahya (bayoloji) da lissafi na tahsili, zai iya wuce wanda yake kwana a mota saboda sunan masar mai daɗin faɗa a biki. Kuma masar mai wuya in yaro bai iya ɗauka ba makinsa ne zai sauka, ga mashru'i, wato aikin kammala karatu, ga awa 40 na aikin sa kai da ake nema kafin a bashi shahada. Abin mamaki malamar kammi da kanta ta san wannan, ita ce ma ta fara min bayaninsa a bakin ƙofa kyauta, wanda na biya a ciki bai faɗa ba.

Daurar Mauhiba ban saka nawa ba amma ɗan yayata yayi, na ga littattafan. Ita Mauhiba ɗin gidauniya ce ta gaske mai ƙarfi, tun 1999 aka kafa ta da sunan Sarki Abdul'aziz, su suke da gasar Ibda' kuma su suke kai yara gasar kimiyya ta duniya a Amurka suna dawowa da kyaututtuka, yaron da ya ci gwajinsu ƙofofi suna buɗe masa, azuzuwan masu baiwa da shirye-shiryen hutu da sauransu. Gwajin nasu yana auna abubuwa ne irin su sassaucin tunani, fahimtar karatu, lissafi da siffofi, da tunanin kimiyya da na injina. Ba manhajar makaranta bace da za a haddace. Abin da markaz ɗin suke yi shi ne su saba wa yaro da kalar tambayoyin da zama gaban agogo, wannan yana da amfani ban musa ba, amma sati biyu ya isa, basai an ja shi wata da watanni ana karɓar kuɗi ba. Kuma dan Allah kafin ki biya ki shiga shafin Mauhiba ki karanta sharuɗɗan rajista na shekarar da idonki musamman maganar jinsiyya, domin shiri ne da aka gina don 'ya'yan ƙasa, su kuma a markaz duk wanda ya kawo kuɗi rubuta sunansa suke, basa tambaya.

Wajen kansa ba laifi. Mata da maza an raba, lokaci daban ƙofa daban, mukayyif yana aiki, banɗaki da tsafta, akwai ɗan ɗakin sallah. Wajen ajiye mota ne babu, bayan isha'i titin cushewa yake, Abban yara kullum sai yayi mita. Akwai wata 'yar Hausa a risafshan mai kirki sosai, ita take fassara wa iyayen da Larabcinsu bai nuna ba, inaga rabin mutanenmu saboda ita suke zuwa. Kuɗin daurar kudurat daidai yake da na sauran wurare kuma suna yarda a biya kashi biyu. Na shawarar ne ya min tsada, zaman da bai kai awa ba ya kusa rabin kuɗin daurar gaba ɗaya, kuma in kin ɗauki abin da suke kira baƙa kamila, wato duka a dunƙule, suna cusa shi a ciki ba tare da sun faɗa ba, sai kin ce a cire.

In shawara kike nema, kowace makarantar gwamnati tana da muwajjiha, wato mai bai wa ɗalibai shawara, ga maza kuma muwajjih, kyauta ne, kuma ita tana ganin makin 'yarki a Nur, shafin ma'aikatar ilimi, tun daga mutawassit, wato ƙaramar sakandare, ta san wace makaranta ce take da wane masar a yankinku da ko akwai kujera. Tamu ta zauna damu ta buɗe makin darasi-darasi ta nuna mana inda yarinyar take da ƙarfi, lissafi da Turanci sama, ahya ƙasa-ƙasa, wadda aka ce mana likita ce fa. Ta kuma yi mana bayanin tajsir, wato hanyar canja masar daga baya in yaro ya ga ba zai iya ba, duk da tace ba abu bane da za a dogara dashi tunda akwai darussan da sai an rama.

Mu dai mun bar ta a na gama-gari a makarantarsu, kuma na sake mata rajistar kammi zalla a markaz ɗin na zango mai zuwa. Wadda za ta je ta nemi ajin malamar 'yar Sudan tun wuri domin shi yake fara cika, ajin la'asar ya fi na dare sauƙin cunkoso, kuma ki ce a rubuta miki a rasit abin da kika biya ɗaya bayan ɗaya kafin ki miƙa kati.