Ƙaddamarwa a ɗakin taro ko zaman karatu a kantin littattafai: amsa ga ƙanwarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare wata ƙanwarmu ta kawo tambaya. Littafinta na farko ya fito daga maɗaba'a, kwafi 500 na nan jibge a ɗakinta a Tudun Wada. Mai wani ƙaramin kantin littattafai a unguwarsu, wanda ke tara mutane duk Asabar ɗin ƙarshen wata a yi karatu, ya ce zai sa ta cikin jerin marubutan da zai gayyata bayan Sallah. Yayyenta kuma sun dage sai ta kama ɗakin taro ta yi ƙaddamarwa irin ta manya. Tana tambaya wanne ya fi.

Ƙanwata, da farko Allah Ya sa albarka, Ya sa littafin nan ya zama mabuɗin wasu. Ni na yi biyun a nan Kaduna, shekara uku tsakani, don haka abin da na gani da idona zan gaya miki.

Bari in fara da kuɗi, don na san nan ne zuciyarki take, tunda akwai cikon mai maɗaba'a a kanki. Ƙaddamarwa kuɗi take ci kafin ta haifi kuɗi. Za ki biya ɗakin taro, ki buga katin gayyata mai kyau, ki yi hayar lasifika da makirufo, ki sayi man janareta, ki tanadi abinci da lemo da ruwan roba, ki sallami sanƙira da mai hoto. In a wuri mai suna ne kamar Arewa House da ke kan titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna wanda yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sai kin nemi rana da wuri. Wannan duk kafin kowa ya ɗaga littafinki ya ambaci ko kwabo. Zaman kanti kuwa, abin da za ki kashe bai wuce kuɗin keke napep da zai kai ki da katan ɗin littattafanki ba, sai in kin ga dama ki riƙo zoɓo ko kunun aya a kula. Mai kanti shi ke da kujeru, shi ke da fanka, shi ke sanar da masu saye a wurinsa. Ladansa shi ne la'adar da zai cire a kan kowane kwafi, kuma wannan ku yi maganarta ƙarara tun kafin ranar, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa.

Amma kada in rufe miki gaskiya: ƙaddamarwa in ta yi kyau, a yini ɗaya tana iya mayar miki da duk abin da kika kashe a bugu, har ki sami na buga na biyu. Kanti ba zai taɓa yi miki haka ba. Sai dai wannan “in ta yi kyau” ɗin ita ce gaba ɗaya maganar. Kuɗin ƙaddamarwa ba daga jama'ar da suka cika kujeru yake fitowa ba, daga mutum uku ko huɗu ne da ke zaune a babban tebur: babban mai ƙaddamarwa, shugaban taro, uban taro, wani lokaci da uwar taro. In waɗannan naki ne na haƙiƙa, kawunki ne ko uban gidan mijinki ko wani da ya san darajarki tun kina ƙarama, to kin tsira. In kuwa katin gayyata kawai kika kai ofishinsu kika bar wa sakatare, to ki shirya ganin wakilai.

Ranar tawa an sa ƙarfe goma na safe. Sai wajen sha biyu da rabi aka buɗe taro da addu'a, muna jiran babban mai ƙaddamarwa, daga ƙarshe wani matashi ya shigo da takarda a hannu ya ce shi aka aiko. Ya tsaya ya ce maigida ya sayi kwafi goma a kan kuɗi masu nauyi, ɗaki ya ɗauki tafi da guɗa, mahaifiyata ta share hawaye da bakin mayafinta. Aka miƙa masa kwafi goman a leda. Wata takwas ina zarya, yau a ce ya yi tafiya, gobe a ce yana ganawa, har na haƙura. Alkawari kaya ne, amma a irin wannan taron marubuci ake bar wa ɗaukarsa. Abin da ya shigo hannuna a ranar ya biya ɗaki da abinci, ya bar ni da bashin maɗaba'a yadda yake. Ba kowa ne hakan ke samu ba, na san waɗanda aka cika musu har da ƙari. Ina dai so ki ƙirga abin da za a ba ki a hannu ko a tura miki a waya a ranar, ki ɗauki sauran a matsayin fata nagari.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba a cika faɗa ba: me ke faruwa da shi kansa littafin a wuraren biyu?

A ƙaddamarwa littafi yana naɗe cikin takarda mai ƙyalli da ƙyalle ɗaure, sai ƙarshen taro ake buɗe shi a ɗaga sama a yi hoto. Mai sharhi, galibi malamin jami'a, shi kaɗai ne ya karanta, kuma minti goma sha biyar ake ba shi, a tsakiyar jawabai da gaisuwar manyan baƙi. Ke marubuciya sai can daf da tashi za a kira ki ki yi godiya, lokacin rabin mutane sun karɓi abinci sun kama hanya. Ba wanda zai ji ko shafi ɗaya daga bakinki. Waɗanda suka saya da tsada yawancinsu don ke suka saya ko don iyayenki, littafin zai kwana a bayan mota ko a durowar ofis.

A kanti littafin ne babban baƙo. Wanda na yi, kantin bai fi girman falo ba. Mai shi ya tura kantocin littattafai jikin bango, ya jera kujerun roba guda ashirin, ya shimfiɗa tabarma a gaba don yara 'yan makaranta. Muka fara bayan la'asar. Mutum sha tara na ƙirga, har da wani dattijo mai gyaran agogo a maƙwabta da ya shigo da carbinsa ya zauna a bakin ƙofa. Ina cikin karanta babin da amarya ta gano mijinta ya sayar da gonar gadonta, sai aka ɗauke wuta. Ba wanda ya motsa. Wata yarinya ta kunna fitilar wayarta ta matso ta haska mini shafin, na ci gaba. Da na kai inda amaryar ta yi shiru ba ta ce wa mijin komai ba, sai wata mata daga baya ta ce, “A'a wallahi, ba macen da za ta yi shiru a nan.” Nan muhawara ta ɓarke. Dattijon nan ya ce shi ya san irinta, shirunta ya fi magana ciwo. Wata ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha ta tambaye ni me ya sa na ba uwar miji baki fiye da kowa a labarin. Ban taɓa lura ba sai ranar. Kiran sallar magariba ne ya tashe mu. Kwafi sha ɗaya na sayar, na sa hannu a kowanne, kuɗin kuma a jakata na koma da su gida.

Sha ɗaya ba yawa ba ne. Amma cikin mako biyu mai kantin ya kira ni ya ce in ƙaro, waɗanda suka saya sun ba wasu labari, wata malamar makarantar Islamiyya ta mata ta zo neman biyar. Shekara ta zagayo yana kirana jefi-jefi. Ƙaddamarwa rana ɗaya ce, ana kwashe kujeru ta ƙare. Kanti kuwa littafinki yana nan a kanta, mai kanti ya ji ki da kunnensa, in wani ya shigo ya ce a ba shi labari mai daɗi ya san abin da zai miƙa.

Kuma karatu a bainar jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kada wani ya ce miki al'adar Turawa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hannun jajis, wato malamai mata da ta horar, take aika waƙoƙinta ƙauyuka, a rera wa mata su haddace. Mu kanmu da yawanmu a rediyo muka fara jin littattafan hikaya ana karantawa kafin mu taɓa riƙe su. Bahaushe da kunne yake fara son labari.

Inda ƙaddamarwa ta fi, ta fi, ba zan tauye ta ba. Tana ba ki suna a idon dangi da gari. Ranar ce mahaifinki zai zauna a gaba ya ji ana kiran sunan 'yarsa da girmamawa, waɗanda ke cewa rubutu aikin banza ne su yi tsit. 'Yan jarida sun fi zuwa can, hoto ya fi kyau. In littafin tarihin wani basarake ne ko wani malami, ko tarihin gari, to ƙaddamarwa ce hanyarsa, domin masu abin suna nan kuma za su fito. Naki kuwa kin ce ƙagaggen labari ne na zaman aure da gado. Irin wannan masu karatu yake nema, masu karatun kuma mata ne da ɗalibai waɗanda ba za su iya tashi a gaban manya su ambaci kuɗi ba, amma za su iya ciro kuɗin kwafi ɗaya daga jaka.

Kanti ma yana da nasa. Wuri ne matsattse, in damina ce ruwa ya sauko a kan kwano ba mai jin muryarki. Wani lokaci mutum shida za su zo, ki daure ki karanta musu kamar ɗari ne. Akwai kuma masu kantin da ba sa biya sai an yi ta bin su, shi ya sa na ce a rubuta komai, kuma kada ki ajiye fiye da kwafi ashirin ko talatin a karo ɗaya.

Bari in taɓa maganar bukukuwan littattafai kaɗan. Kaduna ta ga irinsu: KABAFEST an fara shi a 2017 a Cibiyar Gusau da ke cikin garin, sannan bikin littattafan Hausa na HIBAF ya fara a 2021 a nan garin. Suna da amfani ƙwarai, za ki haɗu da marubuta da masu buga littafi daga nesa. Sai dai can gayyata ake yi, kuma an fi gayyatar wanda aka riga aka ji motsinsa. Zaman kanti da haɗuwar marubuta irin ta ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa tun 1981, su ne inda ake fara jin wannan motsin.

Don haka ni shawarata, ki karɓi ranar da mai kantin nan ya ba ki. Ki gaya wa yayyenki ba ki ƙi ƙaddamarwa ba, kin ɗaga ta ne sai kin sami mutum biyu da suka ce miki da bakinsu, ba ta hannun ɗan aike ba, za su zo kuma za su bayar a ranar. In sun samu, a yi. Littafin da aka riga aka karanta a gari ma ya fi daɗin ƙaddamarwa, don za a sami masu tashi su faɗi abin da ke ciki.

Kafin ranar, ki zaɓi wuri biyu a littafin, kowanne kada ya wuce minti goma a baki, ki tsaya a inda mai sauraro zai so jin ci gaba. Ki karanta wa ƙannenki a tsakar gida sau uku da murya sama, duk jimlar da numfashinki ya yanke a cikinta ki yi mata alama da fensir. Ki roƙi wata ƙawarki mai baki ta zama mai gabatar da ke, ta kuma shirya tambayar farko, domin mutanenmu ba sa son zama na farkon ɗaga hannu. Ki zo da biro mai kyau na sa hannu, da canji, da lambar asusunki a rubuce a kwali. Ki fara da zarar an idar da la'asar don matan aure su koma gida kafin duhu. Kada ki manta da kwafi uku na Ɗakin Karatu na Ƙasa, doka ce, ki cire su tun yanzu kafin su shige cikin na sayarwa.

In kun tsayar da rana ki sanar da mu da wuri. Ni daga Malali zan taso, zan zo da 'yata da ƙawayenta biyu in Allah Ya kai mu, ki ajiye mana kwafi huɗu.