Sabon agogo mai kamar na kakanni: wanne ya dace da hannunka?

Duk wanda ya taso a gidan alhaji ya san Rado. Na mahaifina mai faffaɗan baki ne, nauyinsa kamar dutsen guga, da wani ɗan anga a saman fuskarsa wanda yake juyawa in ka karkata hannu. Muna yara mukan faki idonsa in ya cire zai yi alwala, mu kara a kunne mu ji yana ƙis-ƙis-ƙis. Ba batir a cikinsa, motsin hannu ne abincinsa. Samfurin nan, DiaStar, tun 1962 aka fara ƙera shi, kuma har gobe ana yin sabonsa da kusan siffarsa ta asali.

Ba Rado kaɗai ba. Kusan kowane babban kamfani a Suwizalan ya koma rumbunsa ya zaƙulo zanen shekarun 1950 da 1960 yana sake fitarwa, ciki sabo, waje tsoho. Abin yana da tushe. A ƙarshen 1969 Seiko ta Japan ta fitar da Astron, agogon hannu mai batir irin na kwatz (quartz) na farko da aka sa a kasuwa, kuma kafin shekara 20 ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000. Waɗanda suka tsira sun gane ba za su iya gasar daidaiton lokaci da batir ba, sai suka koma sayar da aikin hannu da tarihi. Don haka ka san wannan tun kafin ka ciro kuɗi: Casio na 'yan dubbai ya fi agogon miliyoyi faɗin gaskiyar lokaci. Agogon inji da ya ci jarrabawar COSC, hukumar Suwizalan mai auna daidaiton agogo, an yarje masa ya yi lattin daƙiƙa 4 ko ya yi gaggawar daƙiƙa 6 a kowace rana, alhali mai batir da wuya ya kauce da daƙiƙa 15 a wata guda. Sha'awa ce ake saye, ba buƙata ba.

Tambayar farko ita ce: tsohon na ainihi, ko sabo mai kamar tsoho? An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ni na ɗanɗani ɗacin wannan zumar. Na taɓa sayen wani tsohon agogo a hannun wani dillali, fuskarsa ta yi kalar madarar shayi, na ɗauka shekaru ne suka rina ta. Sati 3 ya tsaya cak. Da na kai wa wani dattijo mai gyara, ya maƙala gilashinsa a ido, ya buɗe bayan, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai agogo uku ne aka haɗa maka." Injin daban, fuskar fenti ce sabuwa, hannayen na wani samfuri ne. Ko da ka dace da gangariya, robobin da ke tare ruwa sun bushe, kayan gyara sai an yi cigiya, kuma waɗanda aka yi kafin shekarun 1960 sinadarin da ke sa lambobinsu haske cikin duhu radiyom ne, abin da ba a so a buɗe barkatai. In ba ka daɗe a harkar ba, sayi sabo.

A cikin sababbin, wanda na fi nuna wa mutane shi ne Tudor Black Bay Fifty-Eight. Tudor ƙanwar Rolex ce, mutum ɗaya ne ya kafa su, Hans Wilsdorf. Wannan samfurin ya fito a 2018, sunansa kuma daga 1958 ne, shekarar da kamfanin ya fara yin agogon masu ninƙaya mai jure zurfin mita 200. Faɗinsa milimita 39, kaurinsa bai kai 12 ba, saboda haka yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani mai maɓalli ba tare da kokawa ba. Injinsa yana da shaidar COSC, kuma in ka ajiye shi zai yi awa 70 yana tafiya: ka cire ranar Juma'a da dare, ka tarar da shi a raye Litinin da safe. Yana da abin kushe. Ƙusoshin da ke gefen sarƙarsa na ado ne kawai, ba abin da suka riƙe, kuma hannun awa mai kan murabba'i sai a 1969 Tudor ta fara yin sa, wato an haɗa zamani biyu a fuska ɗaya. Ba ya nuna kwanan wata. Ni wannan bai dame ni ba, amma ɗan kasuwar da ke sa hannu a takardu kullum zai ji rashinsa.

Longines Legend Diver ya fi shi sauƙin kuɗi, kuma ya fi shi kama da tsohon gaske. Maɓallai biyu ne a gefensa, ɗaya na wana shi da saita lokaci, ɗaya na juya zoben ƙidayar minti da ke cikin gilashi. Tun 2007 suka farfaɗo da shi a milimita 42, sai dai ƙafafunsa dogaye ne, a siririn hannu sukan zarce tsintsiyar su tsaya a iska. Na milimita 39 da ya fito a 2023 ya gyara wannan, ga shaidar COSC, ga awa 72, ga jure mita 300. In kuɗin bai kai nan ba, akwai Oris Divers Sixty-Five, da Rado Captain Cook wanda aka dawo da shi a 2017, da jerin Seiko Prospex masu kwaikwayon agogon ninƙayarsu na farko na 1965. Ba wanda zai ba ka kunya, kodayake injin Seiko na wannan matakin ba ya kai na sauran daidaito.

Sai Omega Speedmaster, wanda labarinsa ya fi na kowa tsada. An fara yin sa a 1957 domin masu tseren mota, NASA ta amince da shi a 1965, Buzz Aldrin kuma ya taka duniyar wata da shi a 1969. Na yanzu, wanda aka sabunta a 2021, bai canja kama sosai ba: milimita 42, da hannu ake wana shi, yana yin awa 50. Wato kusan kowace safiya sai ka wana shi, kamar yadda kakanni suke yi bayan asuba. Wasu wannan ne daɗin abin a wurinsu, wasu kuma wata ɗaya sun gaji. Iri biyu ne. Mai gilashin roba, wanda suke kira Hesalite, shi ne irin na 'yan sama jannati, yana saurin karcewa amma ana goge shi, kuma ba ya tarwatsewa. Mai gilashin safaya ba ya karcewa da wasa, bayansa ma gilashi ne kana kallon injin, kuma ya fi tsada. Babban abin yabonsa a wurina shi ne jure maganaɗisu har gaus 15,000. Maganaɗisun lasifika da na murfin waya yakan sa siririn sifirin ɗin agogo ya manne, ka ga yana gudu da mintuna a rana. Kuɗinsa kuwa ya kusa ninka na Tudor.

Zenith A384 na masu son labari ne. A tsakiyar shekarun 1970 masu kamfanin suka ba da umarni a zubar da kayan ƙera El Primero, injin da ke cikin wannan agogon, tunda batir ya ci kasuwa. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya kwashe su a ɓoye ya jibge a saman rufin masana'anta. Da aka dawo neman injin bayan shekaru, sai ga su, har Rolex ta yi amfani da shi a agogonta Daytona daga 1988 zuwa 2000. Kyakkyawan agogo ne, milimita 37, amma gyaransa ba na kowane mai gyara ba ne.

Na ado zalla kuwa, wanda za a sa da babbar riga ranar ɗaurin aure, biyu ne a gaba: Cartier Tank, zanen 1917, da Jaeger-LeCoultre Reverso na 1931. Reverso an yi shi ne saboda hafsoshin Ingila masu wasan folo a Indiya, waɗanda gilashin agogonsu ke fashewa a fili. Sai aka yi shi yadda za ka tura jikin agogon gefe ka kifa shi, ƙarfen baya ya koma sama. Mutumin Katsina, garin da folo ya kafu tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bayan agogon fili ne, ana zana suna a kai. Game da Tank, a kula da abu biyu: da yawa daga masu sauƙin kuɗin batir ne a cikinsu, ba inji ba, sannan Tank Louis Cartier galibi na zinare ne, wanda bai halatta ga namiji Musulmi ba. Ko baƙin Tudor ɗin da na yaba akwai ruwan zinare a hannayensa da lambobinsa. Mai shakka ya ɗauki shuɗin da ya fito a 2020, ko ya tambayi malaminsa.

Duk wannan tarihin ba shi zai raba maka gardama ba, buta ce za ta raba. Sau 5 a rana ruwa yana bin hannunka har gwiwa, ga zufar bazara, ga ƙurar hunturu. Agogon da aka rubuta wa mita 30, kamar Reverso da Tank, fantsama kawai yake jurewa, dole ka cire shi duk alwala, kuma a cire-ciren nan ake mantawa da agogo a bakin famfon masallaci. Speedmaster mita 50 ne, zai jure, amma kada ka danna maɓallansa da jiƙaƙƙen hannu. Maɗaurin fata kuwa, komai tsadarsa, 'yan watanni na ruwa da gumi sun isa ya yi baƙi ya fara tsami. Shi ya sa in agogo ɗaya za ka saya na kullum, nake cewa Tudor ko Longines a kan sarƙar ƙarfe, masu maɓallin da ake murɗawa ya kulle. Reverso na wanda ya riga ya mallaki na yau da gobe ne.

Ka kuma sa kuɗin sabis a lissafi. Bayan shekara 5 zuwa 10 man da ke cikin injin yakan bushe, sai an warware shi gaba ɗaya an wanke, an sa sababbin robobi. Mai agogon auna tsere a jiki, irin Omega da Zenith, sabis ɗinsa ya fi tsada, kuma sau da yawa sai an tura shi waje ya yi makonni. Tudor da Omega suna ba da garantin shekara 5, amma sai da katin da dillalin da kamfani ya yarda da shi ya cike. Jabun yanzu sun ƙware, ido kaɗai ba ya rabewa, don haka hoton WhatsApp da farashi mai daɗi cinikin biri a sama ne. A Dubai ne ko Jidda ko Legas, shiga shagon da sunansa ke cikin jerin dillalai a shafin kamfanin, ka gwada lambar da ke jikin agogon da ta kan katin. Kuma ka je sanye da rigar da ka fi sawa, ka ɗaura shi, ka ɓalla maɓallin hannun rigar a kansa, ka ga ko zai shige.