Nutso a Zanzibar: Mnemba, Nungwi ko tsibiran Stone Town?

Duk wanda ya ware rana guda a Zanzibar don ya ga ƙarƙashin teku, wurare uku za a yi ta tallata masa: Mnemba a arewa maso gabas, Nungwi da Kendwa a ƙurewar arewa, sai ƙananan tsibiran da ke gaban Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. Ni dai Mnemba nake tura mutum, ko sau nawa aka tambaye ni.

Ɗan tsibiri ne da duwatsun murjani suka yi wa zobe, tsallaken ruwa kaɗan daga ƙauyen Matemwe, kuma yawancin jirage daga gaɓar Muyuni suke tashi. Tsibirin kansa yana hannun wani otal, baƙo ba ya taka shi, amma ruwan kewayensa yankin kariya ne da ake biyan kuɗin shiga. Ruwan garau yake, kana cikin jirgi kana hango yashin ƙasa. In ka sauka, sai ka tarar da garken kifaye rawaya masu ratsin shuɗi sun tsaya cak a wuri guda, ka kutsa tsakiyarsu su dare, ka wuce su sake haɗewa. Kunkurun teku kuwa ko kallo ba ka ishe shi ba, kiwonsa kawai yake yi. In da rabo, a hanya ma za ku ci karo da dolfin. Ga wuraren da ba su da zurfi don sabon shiga, ga gangare mai zurfi don wanda ya goge, don haka miji da mata ko abokai da ƙwarewarsu ta bambanta za su iya shiga jirgi ɗaya.

Aibinsa cunkoso. Da hantsi ya yi, jirage sun yi cincirindo, ruwa ya cika da ƙafafun mutane. Maganin abin shi ne ka kwana a Matemwe ka bi jirgin farko. Ka kuma sani cewa a gaɓar gabas ruwa yana janyewa nesa sau biyu a rana, ya bar fili mai baƙaƙen halittu masu ƙaya kamar bushiya. Ka sa takalmin roba, kuma ka duba jadawalin cikar ruwa kafin ka tsara wankan yamma.

Nungwi da Kendwa sun fi daɗin iyo a kowane lokaci, ga faɗuwar rana mai kyau, amma shagunan nutso na can ma sau da yawa Mnemba za su kai ka bayan doguwar tafiya. Tsibirin Changuu na gaban Stone Town don ganin manyan kunkuraye ne, ba don nutso ba. Tsibirin Pemba da ke can arewa kuwa igiyar ruwansa da ƙarfi, a bar wa gwanaye.

Amma wuri ba shi ne babbar magana ba, hannun da ka faɗa shi ne. Akwai matasan da ke yawo a bakin teku, ana ce musu papasi, da hotuna a waya da farashi mai daɗin ji. Wani ya taɓa karɓar kuɗina da sunan nutso, washegari na tarar da kwale-kwale ba rigar ceto ko ɗaya, ba tukunyar iska, sai tabarau mai yoyo da bututun numfashi da haƙoran wasu suka tattaune. Da na yi magana, sai direban ya ce shi fasinja kawai aka kawo masa, wanda ya karɓi kuɗin kuma ya yi layar zana. Tun daga nan ba na biyan kafin alƙalami a kan yashi.

Ka je shagon nutso da ƙafarka. In sun liƙa tambarin PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke ba da shaidar horon nutso, ka nemi lambarsu ka duba a shafin ƙungiyar, domin buga tambari a allo ba shi da wuya. Ka ce a nuna maka katin malamin da zai shiga ruwa da kai, ba na mai shago ba. Ka tambaya ko akwai iskar oksijin ta gaggawa a cikin jirgi, da mutum nawa malami ɗaya zai riƙe. Ka duba agogon tukunyarka da idonka: cikakkiya tana nuna matsin iska kusan bar 200, kuma ana fitowa da ragowar 50. In bakin bututu ya tsage ko iskar tana warin mai, ka mayar, kada kunya ta hana ka. A rubuta maka a rasit ko kuɗin shiga yankin kariya da kayan aiki suna cikin farashin, don a nan ake yi wa mutane ƙari a tsakiyar teku.

Wanda bai taɓa nutso ba, gwajin rana ɗaya tare da malami iyakarsa mita 12, kuma sai an koya masa a ruwa marar zurfi tukuna. Kwas ɗin matakin farko, wato Open Water, na kwana 3 zuwa 4 ne ke ba da izinin mita 18. Duk wanda ya ce zai kai ka fiye da haka ba takarda, ko bai ba ka fom ɗin lafiya ka cike ba, da ranka yake ciniki. Mai asma ko ciwon zuciya ya ga likita tun daga gida.

Kada ka sa nutso a ranar ƙarshe. Bayan nutso fiye da ɗaya ana son aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, ni kwana guda cur nake bari. Ka kauce wa daminar Maris zuwa Mayu, kuma ka sa dala 44 ta inshorar dole da Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024 cikin lissafinka.